Ƙasar da Kowa Yake da Fuskar Tasalla

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya zuba waɗansu koguna a sarari, ya ɓoye waɗansu inda rana ba ta leƙawa. Ku matso, ku da kuka ga duniya da ku da labarinta kawai kuka ji. Ni ne Shekarau mai fito, mutumin Tafkin Marke, inda alkama take kwantawa a bakin ruwa har ido ya gaji da kallo. Na tuƙa jirgi a ruwan daɗi da ruwan ɗaci, na ƙetarar da fatake da jakunansu, amma tafiyar da zan ba ku labarinta ban yi ta don dukiya ko suna ba. Na yi ta ne saboda matata Tasalla tana ƙarewa a gabana, kuma ba wanda ya san abin da yake cinta.

Tasalla 'yar masu gurasa ce. Kakarta ta toya, uwarta ta toya, ita ma da tanderunta aka kawo ta gidana. Mace ce mai tsiwa da dariya, kullum da kanumfari a bakinta. Sai ciwo ya shigo a hankali. Cikinta ya riƙa kumburi, abinci ba ya zama, ƙuraje suka fito mata a baki, har zobe ya fara zamewa daga yatsanta. An yi jiƙo, an yi turare, wanzami ya yi ƙaho, an sha rubutu. Wannan ya ce tsutsar ciki, wancan ya ce sammu. Uwarta, wadda muke kira Inna, kowace safiya sai ta zo da gurasa mai laushi jiƙe a romo, ta riƙa ba ta a baki tana cewa, "Ci, uwata. Da wannan na yaye ki, ba zai cuce ki ba." Ni kuwa da na ji sallamarta sai in sulale ta bayan gida, don tunda na auri 'yarta ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarta ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na je tsibiri na ɗauko Iya Gwamma, wata tsohuwa mai magani da mutane suke tsoron gaisarwa. Ta dubi harshen Tasalla, ta kara kunne a cikinta ta daɗe tana saurare. Sannan ta jawo ni waje.

"Ɗan nan, ba baƙo ne yake cin matarka ba. Masu gadinta ne."

"Iya, wane gadi? Mu ko kare ba mu da shi."

"Bakinka ya fi hankalinka sauri. Ka bi Kogin Shiru har inda dutse ya haɗiye shi, ka je ka gani da idonka. Ni na san suna yi, ban san abin da ya tunzura su ba."

Ta sa Tasalla ta tofa yawu a ɗan ƙoƙo, ta cuɗa da man kaɗanya, ta shafe mini goshi da shi. Ta ce, "Can ba a duba fuska, lalube ake yi. Muddin wannan yana goshinka, ɗan gida ne kai."

Kogin Shiru yana yamma da tafkinmu, ba masuncin da yake jefa taru a cikinsa. Na shiga da hantsi. Tun ina jin kukan tsuntsaye har na daina ji, tun ina ganin kifi har ruwan ya zama ba kowa. Can sai ga wani dutse ya tare gabana, da wawakeken baki, fararen duwatsu jere sama da ƙasa, suna haɗuwa suna rabuwa. Na ga kututturen giginya ya shiga tsakaninsu ya fito a niƙe kamar gari. Ni dai ba jarumi ba ne, ban taɓa cewa ni ne ba. Na maƙale a gefe na zuba ido, har na lura cewa jefi-jefi dutsen yakan buɗe baki sosai ya saki wata doguwar iska mai ɗumi, irin ta wanda ya gaji da kwanciya. Da ya sake yi, na danna filafili da iyakar ƙarfina na wuce. Iskar nan ta buge ni a fuska, na ji ƙamshin kanumfari a cikinta.

Daga nan ruwa ya gangara da ni cikin wani dogon rami, ya watsa ni a wani tafki mai tsami da yake tafasa ba wuta. Katakon jirgina ya fara hayaƙi. Na duba gaɓa na ga ita ruwan bai cinye ta ba, don lulluɓe take da wani yauƙi mai kauri irin na miyar kuɓewa. Na kwaso shi da hannu biyu na dalaye jirgin ciki da waje, hayaƙin ya tsaya. A haka na ratsa. Tun daga wurin nan kuma na fara jin wata ganga daga nesa, ana bugunta bibbiyu, ba a hutawa.

Bayan wata ƙuntatacciyar ƙofa sai ƙasa ta buɗe. Ba rana, ba wata, sai wani jan haske da yake fitowa daga cikin ƙasar kanta. Dama da hagu, har bisa kaina, tuddai ne dogaye sirara masu kama da yatsu, suna lanƙwasa a hankali. Da na matsa kusa na ga ashe tuddan mutane ne suka rufe su. Mata ne tsaitsaye kafaɗa da kafaɗa, ko allura ba za ta wuce tsakaninsu ba. Sababbi suna fitowa daga ramuka a gindin tudu, jeren yana turawa sama sannu a hankali, wadda ta kai ƙololuwa ta tsufa sai ta saki jiki ta faɗa kogi ba ko ƙara. Aikinsu ɗaya ne: su miƙa hannu su ɗebi abin da kogi ya kawo, su haɗiye, su miƙa shi ga ƙasar da take bayansu.

Ta kusa da ni ta juyo. Tasalla ce. Ga wushiryarta, ga ɗan tabon da tanderu ya yi mata a haɓa. Na buɗe baki zan kira ta, sai ta gefenta ma ta juyo, ita ma Tasalla ce. Na ɗaga kai. Tudu bayan tudu, har inda ido ya ƙare, fuskar matata ce take kallona, ba kuwa wadda ta san ni.

Ban gama farfaɗowa ba na ji yatsu masu sanyi a goshina. Wani gajeren mahaluƙi ne, toka-toka, ba shi da idanu ko gurbinsu, sai dogayen yatsu. Daga tsakanin matan ya fito. Ya shafa man da Iya Gwamma ta sa mini, ya shinshina, ya sake ni. Sai na lura ashe suna da yawa, kowane jere da nasa, suna ratsawa suna shafa goshi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan su ne masu lalube.

A nan na ga aikinsu. Wata daga cikin matan ta fara rawar jiki, wani baƙin abu yana yawo a cikin farin idonta. Ba ta yi ihu ba. Sai wani ƙullutu ya tsiro a goshinta, girman ƙwayar gyaɗa. Mai lalube ya iso, yatsunsa suka tsaya a kan ƙullutun. Ya daɗe yana aunawa. Sannan ya ɗora tafinsa a ƙirjinta, ta yi laushi, maƙwabtanta suka matso suka ture ta cikin kogi da baƙin abin duka, suka haɗe kafaɗa. Ko ɗigon ruwa bai shiga ta gurbinta ba. Can gaba na ga wata da ɗan ƙaramin ƙullutu, ita gajiya ce kawai ta dame ta. Mai lalube ya taɓa, ya auna, ya shafa mata kai ya wuce abinsa.

Na ce a raina, to ai waɗannan masu gadin kirki ne, tsohuwar nan ta ɓata musu suna a banza. Na ci gaba da tuƙi.

Sai iska ta fara zafi. Wani ƙauri ya cika mini hanci, ƙasar ta yi jawur ta kumbura, kogin ya ƙuntace. Tuddan nan masu tsayi suka koma gajeru, gajerun suka koma dungu, har na iso inda ba tudu ko ɗaya, sai fili a shafe. Matan wurin ba su ko gama girma ba ake turo su daga ramuka don a toshe gurbi. Kusan kowace da ƙullutu a goshi. Masu lalube kuwa sun cika wurin, gudu suke yi, ba mai tsayawa ya auna. Yatsa ya taɓa ƙullutu, tafi ya sauka a ƙirji, shi ke nan. Kogin ya cika da fuskar Tasalla tana wucewa ta gefen jirgina, ido a buɗe. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya ga matarsa ta mutu sau ɗaya ya san abin da ya gani, ni kuwa ko ina na juya mutuwarta nake kallo.

Zafin wurin ya sa gumi ya karyo mini, ya wanke man goshina. Nan take kawunansu suka juyo gaba ɗaya. Suka shigo ruwa suna miƙo yatsu. A bakin gaɓa na ga ƙullutan da suka zube daga goshin matattu sun taru kamar tsakuwa. Na cika hulata da su na watsa musu. Kowane ya cafke ɗaya ya tsaya yana murzawa, yana neman ƙirjin da zai dafa bai samu ba. Kafin su farga na kutsa da jirgina cikin wani lungu a bakin wani rami, na kwanta ina haki, ina yaba wa kaina.

"Baƙo, kada ka ƙara yin haka."

Muryar Tasalla ce, har da yadda take yi in na shigo mata ɗaki da takalmi. Wata ce da ba ta daɗe da fitowa daga ramin ba, goshinta sumul.

Na ce, "Tasalla, ai ceton raina na yi."

"Ba ni da suna, wuri nake da shi. Wannan dabarar taka ta masu ƙin mutuwa ce. Akwai irinmu da kan lalace su ƙi tafiya, su kakkaɓe ƙullutunsu su cika wa masu lalube hannu, su yi ta hayayyafa har su cinye ƙasa. In ka makantar da yatsun nan, su ka buɗe wa ƙofa."

"To ba gara a kashe masu laluben a huta ba? Dubi abin da suke yi muku!"

"Ai mu muke kiransu. Ƙullutun nan ba laifi yake nufi ba. Cewa yake, ina cikin wahala, a zo a duba ni. Ba mai tilasta mana, jikinmu ne yake faɗin gaskiya. Da can sukan tsaya su auna. Yanzu ƙaurin nan ya shiga kansu, kowace wahala a wurinsu ta kai a kashe. Su ma ba su huta ba, baƙo. Dube su."

Na duba. Yatsunsu rawa suke yi, waɗansu har sun tsattsage.

"Me yake kawo ƙaurin?"

"Wani abu ne da kogi yake kawowa. In muka haɗiye shi sai mu ƙone, ƙasar da take bayanmu ta ɗauka yaƙi ne ya zo. Ba mu san sunansa ba, ba mu kuma da ikon ƙin karɓa."

"Nuna mini shi, don Allah. A can inda na fito akwai wadda ranta yake rataye da wannan."

Ta dubi kogin. Abubuwa ne cakuɗe suke wucewa, duk sun narke sun zama ɗaya a idona. Ta ce, "Da ido ba a rabe su. Sai an haɗiya." Ta taɓa goshinta. "Goshina bai taɓa tsirowa ba, don haka ba za ka rikice ba. Zuba ido."

Na gane abin da take nufi, na ce a'a. Ba ta ko kalle ni ba, dama can Tasalla ba ta jin a'a. Ta miƙa hannu ta ɗebo wani abu ta kai mini hanci, na ji gero ne. Ta haɗiye, goshinta bai motsa ba. Ta ɗebo wani, wake ne. Ta ɗebo wani, romon kaza. Shiru. Sannan ta jawo wani farin zare mai danƙo, wanda tafkin tsamin nan ma bai iya narkarwa ba. Ta kai mini hanci.

Na ji ƙamshin safiyar gidana. Na ji tanderu da hayaƙin kara, na ji sallamar Inna a bakin ƙofa.

Kafin in riƙe hannunta ta haɗiye. Fuskarta ta yi ja, ƙasar da take bayanta ta yi wani nishi ta saki sabon ƙauri, ƙullutu ya kunno a goshinta ina kallo. Can nesa wani mai lalube ya yar da tsakuwar hannunsa ya juyo.

Na fizge hulata zan rufe mata goshi. Ta ture hannuna.

"Bari. In na ɓoye yau, gobe mai baƙin abu a ido ma ta ɓoye. Ka gane shi?"

"Na gane shi."

"To ka tsayar da shi daga can sama, masu lalube za su huce da kansu." Yatsun suna matsowa, ita kuwa ni take kallo. "Baƙo, in tambaye ka. A cikin ramuka ana cewa wai akwai wata babba da dukanmu muke tsaye dominta, wai gangar nan da ake ji tata ce. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne. Matata ce."

"Ta san da mu?"

Kafin in amsa, mai lalube ya iso. Tafin ya sauka a ƙirjinta. Maƙwabtanta suka matso suka haɗe kafaɗa, ta faɗo ruwa ta bugi jirgina, bugun nan ne ya tura ni tsakiyar kogi inda yatsu ba sa kaiwa. Muka yi tafiya mai nisa tare, ni a ciki ita a gefe, har ruwa ya raba mu.

Ta ƙofar da na fito daga ƙasar nan ba zan faɗa a gaban manya ba. Na dai tsinci kaina cikin ciyayin tafkinmu da sanyin safiya, jirgina yana warin tsami. Ban ko ɗaure shi ba na ruga gida.

Na tarar da Inna zaune a bakin gado, ta tallafo kan Tasalla, ga akushin gurasa da romo a cinyarta, loma tana hanya. Ban sulale ta baya ba. Na shiga kai tsaye, na durƙusa, na kama akushin da hannu biyu, na ɗaga ido na dubi surukata. Sai a ranar na san tana da wushirya ita ma.

"Inna, ki gafarce ni. Kada a ƙara ba ta wannan."

Ta saki baki. "Kai ɗan nan, yau ni kake kallo ido cikin ido? Ruwa ya taɓa maka kai ne?"

"Alkamar ce, Inna. Jikinta ne ba ya so."

"Abincin da na ci na girma, na yaye ta da shi? Duk garin nan wa alkama ta taɓa kashewa? Ni za ka ce ina kashe 'yata da hannuna?"

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, na ji kamar in nutse. Na ce, "Ba ke ba ce, Inna. Ba kowa ba ne. Ki ba ni zuwa girbin gero. In ba ta tashi ba, ki yi mini duk abin da kika ga dama."

Ta ja akushin, na riƙe. Sai Tasalla ta buɗe ido ta ce da ƙyar, "Inna, a bar shi. Mutumin da yake tsallake katanga in ya ji muryarki, ba zai riƙe miki akushi a banza ba."

Inna ta saki. Ta fita ba sallama, ta kuma daina amsa gaisuwata. Tanderun da aka gada tun kaka ya huce a tsakar gidana, kaji suka mai da shi wurin ƙwai. Tasalla ta yi kukan tanderun nan fiye da yadda ta yi kukan ciwonta. Muka koma kunun gero, da wake, da romo zalla. Da fari ba abin da ya sauya, ina kwana ina tashi da tsoron ko mafarki na yi. Sannan kumburin ya fara sacewa, ƙurajen bakin suka bushe. Kafin a kai gero rumbu zobe ya zauna a yatsanta. Wata safiya Inna ta shigo da ƙwaryar fura, ta dire a gabana, ni kuwa na koma sunkuyar da kaina kamar da.

Ran nan da la'asar muna zaune a gindin tanderun, Tasalla tana tauna kanumfari, ta ce, "Malam, har yau ba ka faɗa mini wa ka gani a can ba."

Na faɗa mata duka. Na faɗa mata tuddai da ramuka da masu lalube, da wadda ta haɗiyi farin zare don in gani. Ba ta yi mini dariya ba, ita da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa.

"Ta ce wani abu kafin a ɗauke ta?"

"Ta tambaya ko kin san da su."

"Me ka ce mata?"

"Ban samu na amsa ba."

Tasalla ta daina tauna. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan cikinta, ta sunkuyar da kai, ta yi ƙasa da murya yadda ake yi wa masu aiki a gona in an zo wucewa.

Ta ce, "Sannunku da aiki."